Karatun Da Zai Ciyad Da Yaro Gobe

Muna gaida 'yan kasuwar Kumasi, da na Ankara, da na Tamale, da mutanen zango duka inda muryan nan ta kai. Mai awon hatsi, mai sayad da atamfa, mahauci, direba, ɗan dako, barkanku da aiki. Yau za mu yi magana a kan 'ya'yanku, da karatun da a ke koya musu, da aikin da ke jiransu. In akwai ɗan makaranta kusa da kai, kira shi ya zauna, gama maganan nan ta shafe shi fiye da kai.

Bari mu soma da abin da kakanninku suka sani. A zamanin dā, wanda ya ke son goron Gwanja sai ya bi ayari. Fatake su kan tashi daga Kano da jakuna, su haye Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi, kana su sauka Salaga. Tafiyar watanni ce. Shugaban ayari shi ne madugu, ilminsa kuwa ba ƙarami ba ne. Ya san inda rijiya ta ke da inda ta ƙafe. Ya san sarkin da a ke ba gaisuwa, da abin da a ke biya a bakin kogi kafin a yi fito. Ya san dajin da 'yan fashi ke kwana. Ba a littafi ya koya ba, a bayan ubansa ya koya, shekara da shekaru.

Sa'an nan zamani ya juya. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. A 1903 jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga bakin teku. A 1911 hanyar jirgi ta kai Kano. Goron da dā ya ke wata da watanni a bayan jaki, sai ga shi ana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa ya kai shi arewa. To, ina amfanin sanin rijiyoyin Bargu ga goron da ke tafiya a kan teku? Mutumin da hanya kaɗai ya sani, ilminsa ya mutu a hannunsa yana da rai.

Amma akwai waɗanda ba su fāɗi ba. Kun san sunan Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a 1955. Ɗan gidan fatake ne, ya zauna a wannan ƙasa yana saurayi, yana kuwa cikin na farko da suka riƙa aika goro ta teku zuwa Ikko. Da cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, ya shiga, har ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Me ya ɗauko daga ayari ya kai jirgi? Sanin kaya, da iya lissafi, da sanin wanda za a ba bashi da wanda za a hana, da riƙon amana har mutane su danƙa masa dukiyarsu. Waɗannan ba su damu da jaki ko jirgi ba.

Mai sauraro, riƙe wannan a ranka, gama ilmi iri biyu ne a nan. Akwai ilmin da ke ɗaure da kayan aiki, in kayan sun tsufa shi ma ya tsufa. Akwai kuma wanda mutum ke ɗauka ya ƙetare da shi daga wannan sana'a zuwa waccan. Yaro yana bukatar duka biyu. Abin tambaya shi ne, wanne makarantar ɗanka ke ba shi? Ko kuwa ba ta ba shi ko ɗaya?

Kada ka ce wannan labarin mutanen dā ne. Kai ma ka gani da idonka. Ka tuna masu tafireta da ke zama a ƙofar gidan waya, suna rubuta wa mutane wasiƙa ana biyansu? Ina su ke yau? Ka tuna samarin da suka kafa tebur da laima a bakin titi bayan shekarar 2000, kana biya ka buga waya ta minti ɗaya? Sana'a ce mai kyau, ta ciyad da gidaje. Ba ta daɗe ba, gama waya ta yi araha, kowa ya sayi tasa. A Yuli na 2007 aka sāke kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, har yau akwai tsofaffi a kasuwa da ke kiran miliyan alhali sidi ɗari su ke nufi. A 2009 kamfanin MTN ya kawo aika kuɗi ta waya. Yanzu mai tumatir ma ta waya a ke biyanta. Duk wannan a cikin ran mutum ɗaya. Yaron da ya shiga aji ɗaya bana, sai bayan shekara 12 zai gama babbar sakandare. Wa zai iya faɗa mana kayan aikin da za a riƙe a ranan nan?

Ku zo mu tafi Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, wadda a ke kira Magajin. Dubban mutane ke aiki a wurin, maƙera da masu walda da masu gyaran inji, yaran zango kuwa da yawa can su ke koyon sana'a. Shekaru da yawa gwanin makaniki da kunne ya ke aiki. Ya kasa kunne ga ƙarar inji, ya kwance kafireta, ya wanke, ya mayar, mota ta tashi. Amma motocin da ke shigowa yanzu ba su da kafireta. Suna da 'yar kwamfuta a ciki wadda ke auna mai da iska. Tun 1996 dokar Amurka ta ce kowace ƙaramar mota da za a sayar a can sai an yi mata kafar da a ke soka na'urar bincike, motocin hannu da yawa da ke yawo a titunanmu kuwa daga can a ke kawo su. In ka soka na'urar, sai ta rubuto maka lamba. A ce ta rubuto P0301. Ma'anarsa, silinda ta farko ba ta cin wuta daidai.

To, ga yara biyu a gareji ɗaya. Na farko hannunsa yana da kyau, amma bai iya karatu ba. Na'urar ta yi magana, shi bai ji ba, sai ya nemo wani ya karanta masa, a raba kuɗin aiki da shi. Na biyu ya gama sakandare, ya karanta lambar sarai, amma bai taɓa riƙe sifana ba. Na'urar ta faɗa masa inda ciwon ya ke, ba ta faɗa masa dalili ba. Fulogi ne ya mutu? Kwayil ne? Mai ne ba ya isa? Bai sani ba. Sai ya yi ta sa mai mota sayen kaya sabbi ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya gaji ya janye motarsa. Kun gani? Mun raba yaro ɗaya gida biyu. Mun ba makaranta kansa, mun ba gareji hannunsa, ba mu bar su sun gamu ba.

Ba yau aka fara ganin wannan ba. A 1922 Gwamna Gagisbag ya buɗe makarantun sana'a huɗu, ɗaya a Yandi. A 1987 gwamnatin Rolins ta sāke tsarin makarantu duka, ta kawo ƙaramar sakandare ta shekara uku, da niyyar kowane yaro ya taɓa aikin katako, da na ƙarfe, da noma, da ɗinki kafin ya fita. Niyyar tana da kyau ƙwarai. Amma makarantu da yawa ba su sami ɗakin aiki ba, waɗansu sun sami kaya ba malamin da ya iya su. Sai aka koma koyad da sassaƙa a kan allo. Yaro ya zana zarto a littafi, ya haddace sunayen sassansa, ya ci jarrabawa, bai taɓa yanka katako ba.

Irin wannan ya sāke faruwa da kwamfuta. A Fabrairu na 2018 hoton wani malami ya zaga duniya, sunansa Richard Appiah Akoto, yana koyarwa a Sekyedumase cikin ƙasar Asante. Yaransa za su rubuta jarrabawar ilmin kwamfuta, makarantar kuwa ba ta da kwamfuta. Sai ya ɗauki alli mai launi ya zana fuskar Microsoft Word a kan allo, da kowane maɓalli a wurinsa, yara suna kwafa. Da labarin ya bazu, mutane suka aiko da kwamfutoci, kamfanin Microsoft kuma ya kai shi taron malamai a Singafo. Malamin nan ya cancanci yabo, gama bai zauna yana kuka ba. Amma ku yi tunani a kan sauran makarantun da ba wanda ya ɗauki hotonsu. Ku kuma yi tunani a kan jarrabawar da yaro zai iya ci alhali yatsansa bai taɓa na'urar ba. Me irin wannan jarrabawa ta auna?

Watakila wani zai ce, "To, magani ai mai sauƙi ne, a raba wa yara kwamfuta." Sannu dai. An gwada. Ƙasar Peru, a Amurka ta Kudu, ta sayi ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa ta raba wa yaran ƙauye. A 2012 masu bincike suka fito da sakamakon awon da suka yi a makarantu fiye da 300. Yaran sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba. In ka ba wanda bai iya awo ba sabon mudu, hatsinka ba zai ƙaru ba.

Ga inda ciwon ya ke. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka kimanta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ce ba. Da yawansu kuwa suna zuwa makaranta kowace safiya, da riga mai tsabta, da jaka a baya. Suna iya maimaita abin da malam ya faɗa da murya ɗaya, har ka ji daɗi in ka wuce ta bakin taga. Amma ɗauki yaro ɗaya ka miƙa masa takarda wadda bai taɓa gani ba, sai ka ga ido ya raina fata.

Yaron zango kuma yana da nasa nauyi a kan wannan. A gida Hausa ya ke ji. A kasuwa Asantanci ko Dagwambanci. A makarantar allo Larabci. A makarantar boko Turanci. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ta daɗe tana buga littattafan makaranta da su. Saboda haka sau da yawa yaron nan ya kan fara koyon karatu da harshen da bai iya ba tukuna, sai a ce ba shi da kai. Ashe, yaron da ke juya harshe uku ko huɗu kafin ya kai shekara goma, shi ne marar kai? Wannan dukiya ce. A kasuwar da ta taso daga Ankara ta kai Yamai da Kano da Garwa, mai harshe da yawa ba ya rasa abin yi. Malamin da ya san haka zai bar yaro ya bayyana abu da Hausa tukuna, in ya tabbata ya gane, kana ya juya shi zuwa Turanci. Tun 1987 akwai sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar makarantun ƙasan nan, makarantun zango da yawa kuwa suna haɗa Larabci da boko a rufi ɗaya. A irin waɗannan makarantu malamai da yawa Hausa ce harshensu, ba abin da zai hana su yin haka gobe da safe.

Yanzu ina so in yi magana da malamai. Malam, na san albashinka, na san yawan yaran da ke gabanka, ba na ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka. Amma kasuwa tana bayan katangar makarantarka, ba ta kuwa neman ko fesuwa kafin ka shigo da ita aji. Ga misali. A Mayu na 2022 gwamnati ta sa haraji a kan kuɗin da a ke aikawa ta waya, kashi 1.5 cikin ɗari, ban da sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairu na 2023 aka rage shi zuwa kashi 1, a Afrilu na 2025 aka soke shi. Shekara uku kasuwa duka tana gardama a kansa. Malami nawa ne suka rubuta a allo, "Uwarka ta aika sidi 500, nawa za a cire?" Amsa ita ce sidi 6 a farkon dokar, gama a kan 400 a ke lissafi. Yaron da ya yi wannan a aji, da maraice zai je rumfar uwarsa ya nuna mata, daga ranan nan kuwa ba sai an kore shi zuwa darasin lissafi da bulala ba.

Ko kuwa ka ɗauki bashin da a ke bayarwa ta waya. A ce an ba mutum sidi 200, a ce masa ruwan kashi 7 ne kawai a wata. "Kawai" ɗin nan ita ce tarko. In ya yi ta sabunta bashin har shekara, ya biya kashi 84, watau sidi 168 a kan 200, uwar kuɗin kuwa tana nan ba ta motsa ba. Ka sa yara su lissafta da kansu. Ka sa su tambayi mai goro yawan da ke ruɓewa a huhu ɗaya, su fitad da ainihin ribarsa. Ka sa su rubuta wa dillali wasiƙa a kan kayan da suka iso a lalace, wasiƙa mai ladabi wadda ba ta bar ƙofar musu ba. Alhaji Umaru, malamin nan na Kano da ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934, ya rubuta littafi guda a kan yadda a ke tsara wasiƙa, gama ya ga mutanen zamaninsa suna bukata. Bai ga kansa ya fi ƙarfin wannan ba.

Akwai kuma sabon baƙo. Tun Nuwamba na 2022, da aka fito da ChatGPT, yaro mai waya yana iya tambayar na'ura ta rubuta masa aikin gida, ta kuwa rubuta cikin ƙiftawar ido, da Turanci mai santsi. Waɗansu malamai sun tsorata, waɗansu sun hana. Ni a ganina hani ba zai yi ba, gama abin yana aljihun yaro. Amma ku san halin baƙon nan. Ya kan faɗi gaskiya, ya kan kuma faɗi abin da ba haka ba ne, da murya ɗaya, ba ya ko ƙifta ido. Ya yi kama da dillalin da bai taɓa cewa "ban sani ba". Wa ke cin ribar irin wannan dillali? Sai wanda ya san kaya da kansa. Saboda haka malam ya sa yara su tambayi na'urar farashin masara a kasuwar Teciman, ko hanyar da mota ke bi daga Kumasi zuwa Bawku, sa'an nan su je su tambayi direba da mai awo, su kawo inda ta yi daidai da inda ta kauce. Yaron da ya saba kama na'ura da kuskure, ɗan damfarar da ya bugo waya yana cewa an turo kuɗi bisa kuskure, a faɗa masa lambar sirri, ba zai same shi da sauƙi ba.

Ku kuma iyayen gida masu sana'a, ku da ke da yara a ƙarƙashinku, tela da makaniki da mai gyaran waya da mai kitso. Yaro ya kan yi shekara uku ko fiye a wurinku. Shekarar farko ta kan tafi a shara da aike da sayo abinci. Na san haka aka yi muku, amma motar da kuka koya a kanta ta yi shekara ashirin ba ta sāke ba, ta yanzu kuwa ba ta jira. Ka bar yaronka ya tafi ajin yamma kwana biyu a mako. In ya dawo ya iya karanta abin da na'ura ta rubuto, garejinka ne ya ƙaru. In kuwa ya zo maka da abin da ya gani a waya, wata dabara wadda ba ka sani ba, kada ka ce ya raina ka. Ce masa ya gwada a gabanka. Kai ka san abin da shi bai sani ba, watau yadda ƙarfe ke yi in ya yi zafi, da yadda a ke magana da mai mota in ransa ya ɓaci.

Sauran magana ta iyaye ce. Tun Satumba na 2017 an ɗauke muku kuɗin babbar sakandare ta gwamnati, makarantun sana'a na gwamnati ma suna ciki. Amma har yanzu in an ce yaro ya tafi makarantar sana'a, sai uba ya sunkuyad da kai kamar an yi masa mutuwa, yana so a ce ɗansa akawu ne. Baba, ka duba da kyau. Aikin akawu, na kwafe takarda da tara lambobi, shi ne na'ura ta fara ci. Ba ta iya hawa rufi ta kafa faifan sola ba, ba ta iya haɗa wayar wuta a sabon gida ba. Kada kuma ku cire yarinya daga aji don ta riƙe rumfa, kuna cewa ai ciniki za ta yi ko ta yi karatu ko ba ta yi ba. I, ciniki za ta yi. Amma cinikin da za ta tarar, odarsa a rubuce ta ke zuwa, kuɗinsa a rubuce, bashinsa a rubuce. In ba ta iya karantawa ba, wani ne zai riƙe mata wayarta, ya san lambar sirrinta.

Ba sai ka yi boko ba kafin ka auna karatun ɗanka. Yau da dare, bayan an ci tuwo, miƙa masa wayarka. Ce masa ya karanta saƙon kuɗi na ƙarshe da ya shigo, ya faɗa maka da Hausa wa ya aiko, nawa ne, nawa aka cire, nawa ya rage. Kai ka riga ka san amsar, gama kuɗinka ne. In ya yi daidai, ba shi lissafin cinikin yau ya fitad da riba. In ya kāsa, kada ka duke shi, kada ka zage shi a gaban ƙannensa. Ranar Litinin ka rufe rumfa na sa'a ɗaya, ka tafi makarantar, ka gaida malam da ladabi, ka nuna masa saƙon, ka ce, "Malam, yaron nan yana aji biyar, bai iya karanta mini wannan ba. Me ni zan yi a gida, me kai za ka yi a aji?" In kun tafi ku biyar daga layi ɗaya na kasuwa, ya fi kyau, gama shugaban makaranta zai ba ku kujera.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yaran da suka riga suka bar makaranta, da ƙofofin da suka rage musu. Ku kwana lafiya.